Shekarar da Taubashiyata Ta Fito a Tele

A gidanmu na unguwar Bukoki, a babban birni, babu tele. Babanmu magatakarda ne a wani biro, wato ofis, na gwamnati, kuma a zamanin sojoji ƙaramin ma'aikaci ba ya son a ga sabon abu a gidansa. Yakan ce in ka kafa antan, wato eriyar tele, bisa rufi yau, gobe sai an kira ka an tambaye ka inda ka samo. Saboda haka a gidan maƙwabcinmu muke kallo, wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Maradi, wanda ba ya jin tsoron tambayar kowa.

Bayan magariba ake fito da telen tsakar gida, a ɗora shi bisa tebur, matar gidan da muke kira Hajiya ta yaye ƙyallen da ke kansa da hannunta. Baƙi da fari ne, kuma ba kowace rana ake wasa ba. Manya na kan kujeru, mu yaran unguwa muna ƙasa bisa tabarma. In aka fara labarai, shugaban soja ya fito fuska a murtuke yana leƙa rumbunan hatsi, ko tari ba a yi. Mu kuwa abin da muke jira daban ne: wasan kwaikwayo na Hausa da na Zabarmanci, da kokowa, da fim ɗin 'yan sandan Turawa masu gudu da mota. Ni dai abin da ke hana ni ƙifta ido shi ne rawar samariya.

Samariya ita ce ƙungiyar matasan unguwa, kowace unguwa da tata. Ana share titi, ana dashen itace, amma abin da ya kai ni shi ne bale, wato wasan da ake haɗa rawa da waƙa a ba da labari. Ina da shekara goma sha uku lokacin, kuma na iya. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Ba a barin mu shiga silima, amma da yake gidan silimar ba rufi, waƙoƙin Indiya suna tsallako katanga su same mu a waje, ni kuma sai in ƙirƙira musu rawa. In aka sa kaset ɗin kiɗan Kwango a gidan biki, ni ake turawa tsakiya. Buri ɗaya gare ni a duniya: wata rana Hajiya ta yaye ƙyallen nan, fuskata ta fito.

A shekarar ne damina ta ƙi. Kamiyo, manyan motocin kaya, suka riƙa sauke mutane a tasha da tabarmi da tukwane, bukkoki suka tsiro a bakin gari. A gidanmu ma tuwon gero ya koma na jar dawar taimako, mai kwana a ciki kamar dutse. Wata rana da hantsi sai ga kawuna, ƙanen Inna, daga ƙauyensu na wajen Tawa, da ɗiyarsa a bayansa. Shanunsa sun ƙare. Zai wuce kudu neman aiki, ya ce a riƙe masa yarinyar har Allah Ya kawo ruwa.

Sa'ata ce, amma ta fi ni tsawo nesa. Wuyanta dogo, ƙasusuwan kafaɗarta a waje, idanunta sun yi wa fuskar yawa. Taubashiyata ce, don haka tun ranar farko na fara tsokanar ta, ita kuwa sai dai ta yi murmushi. Da na kai ta gidan Alhaji na zaci tele zai ruɗa ta. Ko a jikinta. Ana kokowa, tsakar gida na ihu, ita ta juya tana kallon ragon Alhaji yana cin dusa a kwano.

Inna ce ta ce in riƙa tafiya da ita samariya, kada ta zauna tana tunani. Na ji daɗi, na samu ɗaliba. A bayan ɗakinmu nake koya mata: ƙafar dama, ƙafar hagu, juyi, a sauke kafaɗa. Ƙafafunta kamar ba nata ba. In ta ɓata in yi dariya, in ta gyara in ce saura kaɗan.

Mai koya mana wasa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, muna ce masa Mushe. Wata la'asar ya tara mu ya ce mutanen tele za su zo su ɗauki balen unguwarmu, kuma ya shirya sabo a kan fari. Za a ga hatsi ya tsaya ya bushe, a ga mace ɗaya tana ratsa fili da ƙwarya ba komai a ciki, daga baya jama'a su tashi su haƙa rijiya, su dasa itace, ruwa ya sauko. Da ya ambaci mace mai ƙwarya, duk yara suka juyo suka dube ni. Ni ma na gyara tsayuwa.

Ya miƙo mini ƙwaryar, na ratsa filin da duk iyawata, ina layi, ina dafe goshi. Mushe ya karkata kai yana kallona.

"Rawa kam kin iya," ya ce. "Amma dubi kumatunki. Wa zai yarda kin ga yunwa?"

Aka fashe da dariya. Ya waiga, idonsa ya sauka a kan taubashiyata da ke can baya.

"Ke doguwa, karɓi ƙwaryar nan. Kada ki yi rawa. Taho daga can zuwa nan kawai."

Ta karɓa, ta riƙe ta a gefen cinya kamar ta manta da ita, ta taho. Ba ta yi layi ba, ba ta dafe komai ba. Mai ganga da ya fara bugawa sai ya sassauta hannu. Da ta iso, Mushe ya ce, "Shi ke nan, mun samu." Ni aka mayar da ni layin baya, cikin masu ɗaga hannu sama su zama karan gero.

Ban taɓa jin abu ya tokare mini ƙirji kamar na ranar ba. A hanyar gida ina gaba tana baya. Abin da na fi jin haushi shi ne ba ta ma yi murna ba. Da ta yi tsalle, da na samu abin da zan riƙe.

Na shiga duba madubin Inna ina tsotse kumatu. Na riƙa ɗaure zane tamau. A ƙasar da mutane ke barin gidajensu saboda yunwa, ni ina kwana ina fatan in rame. Sai dabara ta zo mini: akwai sauran makonni kafin masu tele su zo, in ni na rame ita ta yi ƙiba, dole Mushe ya sake shawara. Kwano ɗaya muke ci, sai in riƙa tura tuwon gefenta. In aka ba ni fari masa, wato fanke, da safe in ce na ƙoshi, in miƙa mata. In na samu ƙosai a hanyar lakwal in ɓoye in kawo mata.

"Ci mana, taubashiya, ci. Ƙara."

Tana ci kuwa, tana yi mini godiya. Inna ta lura, ta kira ni gefe ta dafa kaina.

"Allah Ya yi miki albarka. Ban san kina da tausayi haka ba."

Har ta gaya wa Baba, shi ma ya sa mini albarka. Na rasa inda zan sa kaina. Kuma duk a banza: ni jiri kawai nake ji a aji, kumatuna suna nan inda suke, ita kuwa tuwon kamar a rami yake faɗawa.

Masu tele suka zo da safe a farar mota, da wayoyi, da wani ƙato mai kamara a kafaɗa. Muka yi ta maimaitawa cikin rana har hannuwana suka sage. Duk lokacin da kamarar ta juyo wajenmu sai in ɗan matso, in kaɗa fiye da sauran karan gero, Mushe ya harare ni in koma.

Ranar da aka nuna, tsakar gidan Alhaji ba wurin sa ƙafa, har bisa katanga mutane. Hajiya ta leƙa cikin yara ta ce, "Ina yarinyar take? Taho nan, ɗiyata." Ta zaunar da ita bisa kujera a gefenta. Shekara nawa ina shiga gidan nan, ina yi wa Hajiya aike, ban taɓa hawa kujerar ba.

Aka fara. Kamarar ta bi ta tun daga nesa, ta matso, ta matso, har fuskarta ta cika gilashin. Ban san haka take da kyau ba sai ranar. Mata suka fara jan hanci, wata tsohuwa tana ta salati. Ni ina neman kaina a baya. Can sai Inna ta zungure ni.

"Ga hannunki can! Wallahi hannunki ne, ga munduwar!"

Hannuna ne kuwa, da gefen kallabina. Iyakar abin da ƙasar Nijar ta gani nawa ke nan.

Washegari sunanta ya koma Mai Ƙwarya. In aka aike mu kasuwa, mata Zabarmawa masu kayan miya su gaishe ta da fofo irin tasu, su ƙara mata tumatir. Mahauci ya nuna ta da wuƙa ya ce wa na kusa da shi, ita ce ta tele. Ni ina gefe riƙe da kwando, a ce mini, "Ke ce ƙanwarta?" Kuma masu tele suka ƙaunaci balen. Duk lokacin da suka rasa abin sakawa kafin labarai, sai ga ta ta taho da ƙwaryarta. Da na ji gangar farko sai in kau da kai.

Wata rana muna wanke kwanoni na kasa daurewa.

"Kin dai san ni na kai ki. Da ban kai ki ba wa zai san ki?"

"Na sani," ta ce.

"To me ya sa kike wani sunkuyar da kai in an nuno ki? Yanga ce?"

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya.

"Tsoro nike ji kar Baba shi gani. In yana wata tasha aka nuna, mutane suka ce ga ɗiyarka can tana yawo da ƙwarya, mi za shi ce? Mu ba mu taɓa roƙo ba."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ce bai kama ni ba. Amma ko a lokacin wani gefen zuciyata cewa yake, ka ga wadda aka ba abin ba ta ma so, ni da nake so an bar ni da munduwa.

Da damina ta dawo Kawu ya zo ɗaukar ta. Tun a bakin unguwa aka tare shi da labari. Alhaji ya sa aka ba shi kujera, kuma aka yi dace a makon aka sake nunawa. Taubashiyata ta ƙi shiga, ta tsaya a zaure. Kawu ya kalla tun daga farko har ƙarshe, hularsa a gwiwa. Da aka gama ya goge fuska da hannun riga.

"Tafiyar uwarta ce," ya ce.

Suka koma ƙauyen da ko kuran, wato wutar lantarki, babu. Ni na zauna a samariya, kuma a shekarar da ta biyo Mushe ya ba ni gaba a wani bale na girbi, inda kumatu ba laifi ba ne. Aka ɗauka, aka sa ranar nunawa, na gayyato 'yan ajinmu kaf. Ana gama labarai aka ɗauke kuran a Bukoki. Muka zauna a duhu muna jin kukan sauro. Wata 'yar ajinmu da ke wata unguwa ta ce ta gani, na yi kyau. Ba a sake sakawa ba. Nata kuwa an yi ta nunawa har mulkin sojojin ya wuce.

Bara aka yi suna a gidan ɗanta a unguwar Bobiyel. Ta zo daga Tawa, ta zama ƙatuwar tsohuwa, sai an kama ta take tashi. A falo akwai tele mai faɗin rabin bango, jikoki na kallon waƙoƙin zamani. Ta ce musu ita ma ta taɓa fitowa a tele. Suka kwashe da dariya, wani ya ce a nuna masa a waya in gaskiya ne.

"Taubashiya," ta kira ni, "taho ki faɗa musu. Ni na mance yadda anka yi."

Ta manta da gaske. Ba ta tuna waƙar ba, ba ta tuna Mushe ba, ba ta tuna ko da safe aka ɗauka ko da yamma. Ni kuwa komai yana nan. Na ba su labarin tiryan-tiryan, na rera musu waƙar, na buga gangar a bayan tire. Yaran suka rage muryar telen, suka zagaye ta suna taɓa hannunta, suna tambayar ko ta ji tsoron kamara. Ita tana ta dariya tana cewa ku tambaye ta, ita ta sani.

Ba wanda ya tambaye ni me na yi a wasan. Na ji abin nan ya taso mini a ƙirji, shi ɗin dai, bai tsufa ba. Daga tsakar gida aka kira cewa shinkafa ta sauka, na gyara mayafina na fita in taya su rabo.