Shawarar da Ta Riƙe Mini Mata

Shekarar da sojoji suka ce za su shirya zaɓe su mayar wa farar hula mulki, kowa a Gazawa ya zama masanin siyasa, har ni da na bar lakol, wato makarantar boko, tun ban iya raba lissafi ba. Tela ne ni, shagona na bakin tasha. Ƙafa tana kan keken ɗinki, hannu yana kan salula, shi ya sa wandunan da na ɗinka a lokacin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Masu su su yafe mini.

Akwai wani zaure da 'yan yankinmu suka buɗe a intanet, ana shiga da ƙaramar salula idan rezo, wato layin waya, ya ga dama. Ba wanda ke sa sunansa na yanka. Ni Kunama nake, kuma na faɗa wa zaure cewa a Yamai nake zaune, ina aiki a wani babban buro, wato ofis, mai sanyi. Allah ya sani iyakata Maraɗi, ita ma sayen zare ke kai ni.

Babban abokin gabana a wurin shi ne wani mai suna Tsohon Buhu. In na ce sojoji za su cika alkawari, ya ce ban san soja ba. In na juya na ce ba za su cika ba, ya ce ina ɓata wa mutane zuciya. Wata rana da muka cika zaure da zage-zage, sai ya biyo ni ta saƙon keɓe, inda mu biyu kawai ke gani. Ya rubuto: "Kai ɗan nema, ka iya baki. Wa ya koya maka rashin kunya haka?" Na ce gado ne. Daga nan muka ɗinke. A zaure mu yi kaca-kaca, a keɓe mu yi dariyar waɗanda suka shigo rabon faɗa.

A wannan lokacin gidana ba kowa. Matata ta tafi gidan iyayenta a Gangara wankan jego na ɗanmu na fari, an yi arba'in, an wuce, shiru ba a maido ta ba. Ubanta tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai fuska kamar ƙofar gidan jandarma. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Kowace ranar kasuwa nakan hau moto, wato babur ɗina, in je, in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in gaishe shi ido a ƙasa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, in ce lafiya lau. In tashi in koma Gazawa in dafa taliya da kaina. Wa zai dubi surukinsa ya ce ba ni matata? Wannan kuwa ban taɓa faɗa wa Tsohon Buhu ba, don babban ma'aikacin Yamai ba ya kukan rashin tuwo.

Sai ga shi ya zo neman shawarata. Ya ce wani maƙwabcinsa yana da suruki, yaron kirki amma kamar an ɗinke masa baki. Ya zo ya tsuguna kamar kaza a kan ƙwai, ba abin da ya sani sai "to, to". Ɗiyar tana gida ta gama wanka, uwar ta haɗa kayan komawa, shi kuwa gogan ko sau ɗaya bai ce yana kewar iyalinsa ba. Me ya kamata a yi da shi?

Na yi dariya har na karya allura. Ko kaɗan ban ga kaina a ciki ba, don a ganina ni tsugunona na mutunci ne. Na rubuta masa: "Wannan sakarai ne. Ku riƙe ɗiyarku har sai ya buɗe baki ya nema. In ya aiko wani, ku ce ya zo da bakinsa. Gero dai bai ƙare muku ba ko?"

Ya ce: "Kunama, ba ka da imani."

Na ce: "Mu a Yamai haka muke gyara irinsu."

Bayan kwanaki na gaji da taliya, na roƙi ƙanen mahaifina ya je Gangara ya yi mini magana. Ya dawo yana shafa gemu, ya ce an karɓe shi hannu biyu, an dama masa fura, amma an ce mai iyali ya zo da bakinsa. Maganar ta ɗan yi mini kama da wadda na taɓa ji, sai dai na ce ai duk tsofaffi bakinsu ɗaya.

Da na shiga saƙon keɓe na tambayi labarin sakaran nan, don in ɗan samu abin dariya, sai Tsohon Buhu ya ce yana nan yadda yake. Ya ƙara da cewa ko motonsa abin kunya ne, madubi ɗaure da robar taya, salansa a fashe, tun daga bayan gari awaki ke sanin ya taho.

Na leƙa ƙofar shago. Ga motona a jingine, ga madubi, ga roba.

Na koma sama ina karanta duk abin da na taɓa rubuta wa mutumin nan. Na ce masa tsohon banza. Na ce kansa kamar ƙwaryar da aka manta a rana. Na ba shi labarin wata mai sayar da awara a tasha da ba a ba suruki irinsa. Na kashe salula na jefa ta cikin ƙyallaye, na ce shi ke nan, mata da ɗa sun zama 'yan Gangara.

Ranar kasuwa ta zagayo, ba yadda zan yi, na tafi. Na kashe moto tun daga bayan gari na tura shi da hannu. Na same shi a kan tabarma a gindin itacen bedi, tabarau a hanci, salula a hannu. Na tsuguna, ina ta ƙoƙarin kada in yi kama da kaza.

Ya ce: "Ina gida?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina aiki?"

"Da godiya, Baba."

Nan ne kullum nake cewa "to" in tashi. Amma yau sai na ce wa takalminsa: "Baba, gidan ne ba daɗi. In da hali, ina son a ba ni iyalina."

Ya sunkuya yana latsa salula da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai shuka wake. Can sai tawa ta yi ƙara a aljihu. Na yi kamar ban ji ba.

Ya ce, fuska a murtuke: "Ana kiranka. Wataƙila daga buro ne."

Na ciro ta na duba. Tsohon Buhu ne: "Shawararka ta yi aiki, kaza ta yi magana. Tashi, gwiwarka za ta ƙage. Tun kafin suna matarka ta faɗa wa uwarta sunan da kake iskanci da shi. Maganar mai awara kuma tana hannuna, ka kiyaye."

Na ɗago ido karo na farko tun da na auri ɗiyarsa. Ko gezau. Ya juya wajen ƙofar gida ya ce a faɗa wa uwargida baƙo ya yi magana, gobe a kai masa iyalinsa.

Washegari aka kawo su a amalanke, da tukwane da garin kunu. Ina cikin sauke kaya saƙon Tsohon Buhu ya shigo, wai in zo zaure, wani ɗan Gidan Runji yana cewa ba za a yi zaɓe ba, shi zai goyi bayansa, ni in zo in zage su su biyu. Na ajiye tukunya na shiga. Na rubuta "tsohon", na tsaya, na goge, na sake rubutawa, na aika.