Muryar Lirwanu Mai Shela

Duk wanda ya ci kasuwar Bodinga a shekarun baya ya san muryar Lirwanu mai shela. Shi ke sanar da ɓatan akuya, da ranar rigakafi, da rasuwa. Ko lasifika ta lalace, daga bakin tasha ana jin sa a layin 'yan hatsi.

Wata damina muryar ta dushe. Ya ce mura ce. Matarsa Saratu ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, ya sha zuma har ta gundure shi. Kaka ta zo ta wuce, sai ga shi ko zancen cikin gida da ƙyar yake yi, numfashinsa na fita da ƙara.

A Sakkwato likita ya zura masa siririyar na'ura ta hanci, ya ce wasu ƙananan tsiro ne suka fito a maƙogwaronsa, daidai inda murya ke fitowa. Ba ciwon daji ba ne. Aka tura shi wani asibiti mai nisa, inda ake ƙone irinsu da wani haske da ake kira leza.

"Ba yanka?" in ji Saratu.

Likitan can ya ce, "Babu, Hajiya. Ta baki za mu bi, yana barci. Amma ku sani, suna iya dawowa."

Aka yi, aka hana shi magana na makonni. Mutumin da bakinsa ne sana'arsa ya koma nuni da hannu. Da muryar ta dawo, ya koma kasuwa, mutane na ta yi masa barka.

Kafin shekara ta zagayo ta sake dushewa.

Haka suka yi ta yi. Doguwar tafiya a mota, zaman layi, ƙamshin magani, farkawa da ɗaci a baki, sannan shiru. Kowane zuwa muryar na dawowa, amma ba kamar da ba. A tafiyar ƙarshe, suna jiran mota, ya raɗa wa Saratu: "Na gaji da wagga hanya."

"Ni ma na gaji, Malam. To mi za mu yi? Numfashi ai ba a barin shi."

Da suka dawo ya kai lasifikarsa gidan Mode, ɗan ƙanensa, ya ajiye masa. Ya karɓi aron wata 'yar fadama a Danchadi ya shiga noman albasa, aikin da ba ya bukatar a ce komai.

Yanzu in ka gaishe shi sai ka matso kusa kafin ka ji amsa. Yana zuwa asibiti in lokacin dubawa ya yi. Ran kasuwa kuwa Saratu ke kai albasar, shi ya tsaya ban ruwa.