Dakan Ranar Lahadi

Jiya ina sauka daga kabu-kabu a Tawa na ji wata mata tana daka tana waƙa ƙasa-ƙasa, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Ita ma ba ta ɗaga taɓarya sai da waƙar yabon Yesu a bakinta.

Wata Lahadi mun ci ado za mu majami'a, ranar da zan fara jan waƙa gaban jama'a. A ƙofar maƙwabciyarmu Musulma, mai tsohon ciki, muka ji dakanta yana yankewa, tana nishi. Kaka ta shiga, ta aje Littafi Mai Tsarki bisa tabarma, ta karɓi taɓaryar.

Na ce, "Kaka, za a fara sujada ba mu."

Ta ce, "Wanda za ki yi wa waƙar yana gidan nan ma. Ɗauko faifai. Ki ja, in amsa."

Na ja ina kumbure-kumbure, ina bakace, dusar hatsi ta ɓata mini sabon zane. Har yau ban sake jin amshi mai daɗin nata ba.

Ubangijin da ta yi wa dakan nan ya hutar da hannuwanta.