Famfon da Na Ba Shi Aro

Laifina ne. Ba zafin rana ba ne, ba kuma tsufa ba ne, kamar yadda mutanen gidanmu suka fara zato. Ni na ba shi aron famfon, kuma na san abin da ke cikinsa.

Aikina a Makka feshi ne. Wani ƙaramin kamfani nake yi wa aiki, muna bin masaukan alhazai a Jarwal da Kudai muna kashe kuɗin cizo da kyankyasai kafin baƙi su sauka. Ina zaune da matata da mahaifiyata a wani tsohon bene a Tandabawi. A ɗakin sama akwai wani Badamagare da ya girme ni, ya zo aikin hajji tun da daɗewa bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Ni Bakano ne, don haka wasa ne tsakaninmu. "Bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa Yaya.

Rufin benen ya mayar lambu. Tsofaffin bokitan fenti da tayoyi da wani fasasshen baho ya cika da ƙasa, ya yi musu rumfa da buhuna, yana tara ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki yana ba su. A garin nan na duwatsu sai ga rama da yakuwa da lalo sun yi kore shar. Ranar Juma'a in an sauko daga Harami, mata na turowa a ba su ganyen kwaɗo. Mahaifiyata, da ke kukan gwiwa in na ce ta zo mu je asibiti, ita ce ke hawa har sama ta zauna a cikin ramar nan, wai tana jin ƙanshin gida. Ni kuwa in na dawo daga aiki, tun daga bakin ƙofa za ta ce, "Tsaya nan, cire kayan nan tukuna, kana wari."

Na gwada tawa shukar a bakin taga, ta bushe. Da ya gani sai ya yi dariya a gaban mutane ya ce, "Bawana, hannunka ya saba da kisa, ina kai ina raya abu?" Kowa ya yi dariya, ta mahaifiyata ta fi ta kowa ƙarfi. Wasa ne, na sani, ni ma na sha faɗa masa abin da ya fi haka. Amma wannan ta zauna mini a rai. Na kai har in na ji ana gaishe shi a matakala sai in ƙara ƙarar rediyo.

Sai wasu fararen ƙwari suka sauka a bayan ganyensa. Ya jiƙa ganyen darbejiya da tafarnuwa da sabulu yana yayyafawa da tsintsiya, amma ruwan ba ya kaiwa ƙarƙashin ganye. Wata safiya ya tare ni.

"Bawana, ara mini bindigar feshinka mana. A wanke take?"

Abu na farko da aka koya mana a wurin aiki shi ne, famfon da ya sha maganin ɗaki ba ya zuwa kusa da abin da za a ci. Ko an ɗauraye shi, tiyon da robar bakin suna riƙe dafin. Nawa kuwa ko ɗaurayar ban yi ba, akwai sauran maganin kuɗin cizo mai kauri kwance a gindin tankin.

Na ce, "A wanke take, Yaya."

A raina na ce ganyen ne kawai zai ƙone, ya ji yadda na ji da tawa ta bushe. Ban ba shi takunkumi ba, ban ba shi safar hannu ba. Me zai yi da su, shi da yake ganin ruwan darbejiya zai fesa? Ya zuba nasa a kai, ya yi feshin da 'yar singileti, iska na dawo masa da shi a fuska, ya kuma tsinki ganye yana taunawa kamar yadda ya saba.

Kafin la'asar matarsa ta sauko da gudu. Muka same shi kwance, gumi ya jiƙa shi, yawu na zuba, yana amai, baƙin idonsa ya ƙanƙance. Wata ta ce rana ce ta buge shi. Aka kawo madara, aka kawo zamzam. Na ce a kai shi asibiti, ya girgiza kai da ƙyar.

"Su tambaye ni iƙama? Shi ke nan, ku bar ni nan."

Na san alamomin nan sarai, an nuna mana su. Amma na tsaya na yi shiru, ina kallon yadda mahaifiyata ke masa fifita tana cewa "sannu ɗana". Allah Ya gafarta mini, ko a lokacin sai da na ji haushin wannan "ɗana".

Abin da ya buɗe bakina shi ne kwandon rama da na gani a bakin ƙofa. Ya tsinke ta bayan feshin, an ƙulla ta kashi-kashi za a kai wa maƙwabta, har da wata mai juna biyu a hawa na biyu. Na ɗauke kwandon na ce kada wanda ya taɓa. Na ce a tuɓe masa singiletin a wanke jikinsa da sabulu, a daina ɗura masa madara. Na sauka na ɗauko galan ɗin maganin.

Mahaifiyata ta dubi galan ɗin, ta dube ni. 

Na goya shi zuwa mota, muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba a tambayar iƙama, na miƙa wa likita galan ɗin ya karanta jikinsa. Ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canja. Aka yi masa allurai, aka kwantar da shi. Washegari na hau sama na tumɓuke ramar da yakuwar da lalon gaba ɗaya, na zuba a buhu na ɗaure, don babu ganyen da zan iya rantsuwa a kansa.

Da ya dawo gida mutane suka yi ta zuwa dubiya. Yana gaya wa kowa cewa bawansa ne ya cece shi, wai mantuwa ce aka yi da famfo. Sai da na bari ɗakin ya rage daga shi sai matarsa, na shiga na durƙusa a gefen katifarsa.

Ya ce, "Bawana, ka zo karɓar tukwici ne?"

Na ce, "Yaya, ba mantuwa ba ce. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Na san akwai magani a ciki, so nake shukarka ta mutu saboda baƙin cikin yadda ake son ka. Ban yi nufin jikinka ba, amma na ga kana shan wuya na yi shiru. Ba ni da wani uzuri. Don Allah ka yafe mini."