Maigidana, ƙwallo da awon jini

Ina riƙe da na'urar awon jini, maigidana yana riƙe da rimot, muka tsaya kallon-kallo a falonmu na Lanham, a nan Amurka.

Sati uku ke nan da yi masa aikin zuciya, likita ya ce ban da tashin hankali. Ga shi ranar ce ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin nan za ta buga wasan da in ta faɗi, kakar wasanta ta bana ta ƙare.

Na ce, "Baban Hanifa, don Allah ka bari, in an tashi na faɗa maka."

Ya ce, "Shekarun da suke shan kashi ban gudu ba. Yau da suka kama hanya zan shige ɗaki?"

Haka na ɗaura masa na'urar. Shi yana kallon wasa, ni ina kallon lamba tana hawa, bakina sai salati.

Aka cinye su. Na taɓa kafaɗarsa, sai ya ce, "Allah ya kai mu baɗi."

Na ce amin da ƙarfi, amma ni ba ƙwallo nake nufi ba.

Masu miji irin nawa a gida, yaya kuke yi da su?