Ƙwallaye Ukun Auta

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa: na yi wa ƙanena gyara a numfashi. Irin gyaran da ake yi wa mai sayen gero, a ɗebo da hannu a ƙara masa bisa mudu don ya ji daɗi ya dawo gobe. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma a ganina duk Ƙaura, daga tashar jirgi har bakin gulbi, babu mai wayona.

Ƙanen nawa, wanda kowa ke kira Auta, sikila gare shi. Shekararsa goma, amma in ka gan shi sai ka ce bakwai. Siriri kamar karan dawa, idanu rawaya-rawaya, baki kuwa ya fi na 'yan kamashon tasha. In ciwon ya tashi yakan ce ana sassaƙa masa ƙashi da gizago daga ciki. In ya lafa, ya dawo tsokanata kamar ba shi ne jiya ke kuka ba.

Likitan asibitin garinmu ne ya gaya wa Baba cewa wasu likitoci suna wani bincike a wani babban asibiti mai nisa, kuma suna ɗaukar yara kaɗan don a yi musu dashen ɓargo. Wai za a ɗebi ɓargon ɗan'uwa mai lafiya, a sa wa marar lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini, ya je ya zauna cikin ƙashinsa ya fara yi masa sabon jini. Amma sai ɓargon ya dace. Muka yi sammako muka bi ayarin motoci, saboda ba a bin hanyar nan mota ɗaya tal, muka kwana a hanya, muka isa. Aka ɗebi jinina da na yayyena mata biyu. Nawa kaɗai ya dace.

Ai daga ranar na zama sarki. In Inna ta aike ni ɗebo ruwa sai in dafe baya.

"Inna, ɓargon nan hwa ba na wahala ba ne. Likita ta ce a lallaɓa shi."

"Likita ta ce, ko kai ka ce? Ɗauki jarkar nan kafin ludayi ya lallaɓa ka."

Tsokar nama kuwa, duk wadda ta fi girma a miya na ce ta ɓargo ce. Auta yana kallona yana cewa, "Ci, ƙato. Kiwonka nike."

Sai dai akwai sharaɗi. Likitar da ta duba mu a can ta ce kafin dashe ana ba da magani mai ƙarfi da ke kashe tsohon ɓargo, kuma sai mai ƙarfin huhu ke iya jure shi. Huhun Auta kuwa ciwon ya riga ya ɗan taɓa shi. Suka sa shi cikin wani akwatin gilashi, suka matse masa hanci, suka ce ya hura, ya hura, har na ce a raina yau ƙanena zai fashe. Suka ce ƙarfin huhun bai kai ba tukuna, mu dawo bayan wata huɗu a sake gwadawa.

Da za mu taho, wata nas ta ba mu wani abin roba mai ɗakuna uku, kowane ɗaki da ƙwallo ɗaya ƙarama, ja da rawaya da koriya, da bututun da ake sawa a baki. In ka zuƙi iska sai ƙwallayen su tashi su bugi rufi. Ta ba ni littafi ta ce kullum da safe in zana da'ira adadin ƙwallayen da Auta ya ɗaga.

"In ɗagawar ta sauka ta koma ƙwallo ɗaya, ko ya fara tari da zazzaɓi, ku kai shi asibitin garinku a ranar. Kada ku jira gobe. Ka ji, malamin awo?"

Ta faɗi haka ne don ta ji Baba awon hatsi yake yi a kasuwa. Baba bai yi boko ba, amma da'ira ba ta gagare shi ƙirgawa. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya karɓi littafin, ya bi shi da yatsa layi-layi.

Wata biyu Auta yana ɗaga biyu, ta ukun tana rawa a ƙasa kamar tana shawara. Kowace ƙwallo in ta bugi rufi sai ta ce ƙas. Inna tana madafa tana dama koko, daga can take ƙirgawa da kunne. Auta ya gama tsara rayuwarsa ta bayan dashe: ruwan farko da zai sauka, zai tuɓe riga ya shige shi a guje har gulbi. Tunda aka haife shi ba a taɓa barin ruwan sama ya taɓa shi ba, saboda sanyi ke tayar masa da ciwo.

Damina ta yi nisa, wata safiya ya zuƙa, ja ta tashi ita kaɗai. Ya sake. Ita kaɗai. Ya ɗan yi tari cikin wuyan rigarsa, ya dube ni.

"Yaya, in ka rubuta ɗaya hwasawa za su yi."

"Wa ya ce?"

"Na sani. Su ce ban da ƙarhi, su ba wani yaro wurina. Kai kuma naman da ka ci duk ya tahi banza."

Na yi dariya. Na karɓi bututun, na goge shi da riga, na zuƙa kamar zan shanye iskar Zamfara baki ɗaya. Ƙas, ƙas, ƙas.

Daga madafa Inna ta rangaɗa guɗa. "Uku! Alhamdulillahi, uku!"

Ban ma buɗe baki na yi ƙarya ba. Inna ta shigo da ludayi a hannu tana dariya tana hawaye, ta rungume Auta, shi kuma yana ƙifta min ido ta saman kafaɗarta. Na zana da'ira uku manya-manya. Washegari ma haka. Bayan an ji uku, ta ina zan koma ɗaya? Kwana tara ina zuƙa masa. Da Juma'a ta zo, Baba ya ji tarin, ya tsaya yana sauraro, sannan ya buɗe littafin ya bi da yatsa.

"Tarin damina ne. Mai ɗaga ukku ba ya da matsala."

Ya aike ni kemis na sayo maganin tari. Da ƙafata na je, har ina fito a hanya.

A rana ta goma, bayan azahar, Auta yana zaune a zaure sai numfashinsa ya koma gajere-gajere, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, leɓɓansa suka yi toka-toka. Muka sa shi a keke napep sai asibiti. Aka ɗaura masa robar iska a fuska, aka nemo jini. Baba ya miƙa wa likita littafin don ya nuna masa lafiya lau yaron yake har jiya. Likita ya duba, ya dubi Auta, ya sake duba.

"Wanda ya ɗaga uku jiya ba ya zama haka yau. Wa ke rubutawa?"

Na so ƙasa ta tsage. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gyara na yi mishi."

Na shirya wa duka. Na ma fara zaɓen kumatun da zan miƙa. Baba bai ɗaga hannu ba. Ya rufe littafin a hankali ya ce, "Gyara, daga buhunka kake ɗebo hatsi na gaske ka ƙara ma mutum. Kai mi ka ƙara mishi?"

Bai sake tayar da maganar ba har yau. Da ya dake ni da ya fi min sauƙi.

Auta ya yi mako uku a kwance, ya tashi. Da muka koma babban asibitin, akwatin gilashi bai san gyara ba. Likitar ta ce huhunsa ya ja baya, a jira wata shida a gani ko zai farfaɗo. Na bi ta har bakin ƙofa na tambaye ta ko kwana taran nan ne suka jawo haka. Ta juyo ta ce:

"Da kun zo da wuri da ya fi. Amma ciwon ƙirjin nan yakan zo ko an yi komai daidai. Ban sani ba, ɗana."

Ni eh nake so, ko a'a. Har yanzu ina ɗauke da "ban sani ba" ɗin nan.

Auta bai taɓa ɗora min laifi ba. In ya ga zan dire daga katanga sai ya yi ihu, "Kai! Ajiyata ce cikin ƙashin nan, ka bi a hankali!" Na koma rubuta gaskiya, ɗaya, ɗaya, wani lokaci biyu. Inna ta daina ƙirgawa daga madafa, ta koma tsayawa a kanmu tana kallo da idonta.

Abin robar yana nan bisa kabad ɗinta, tsakanin kwanuka. In babbar motar hatsi ta wuce ta bayan gidanmu, bango ya girgiza, ƙwallayen sukan ɗan yi ƙas-ƙas su kaɗai. Duk abin da Inna ke yi sai ta tsaya cak. Ni kuma sai in ga ashe na riƙe numfashi ban sani ba. Na taɓa ɓoye shi cikin buhun gawayi, ta ce in mayar mata da shi inda na ɗauka. Abokaina suna cewa har yanzu ni ne mai surutun ajinmu, kuma gaskiya ne. Sai dai in aka fara ruwa suka fita tsalle a filin makaranta, ni ina baranda.

Ba a yi dashen ba. Auta ya rasu a asibitin garinmu wata Laraba da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya mu koma gwaji na uku.