Gaisuwar Kawu Jibo a Kaset

Kawu Jibo ƙanen mahaifiyarmu ne. Shi ya riƙe mu a Kwanyawa, ni da yayana Lurwanu, bayan rasuwar babanmu. Manomin gyaɗa ne, amma wallahi ban taɓa ganin mutum marar zama irinsa ba. Yau yana kasuwar Karaye, gobe Rogo, jibi ya nufi Kurugu dubiyar wanda ko sunansa bai gama riƙewa ba. Gaisuwa kuwa, kada Allah ya haɗa ka da shi kana sauri! Ya tambaye ka gida, ya tambaye ka iyali, har jakinka sai ya tambaya. A wurinsa, a yi maka alheri ka kasa gaisuwa, butulci ne.

A 1976 Lurwanu yana jami'a a Zariya, lissafi ya kayar da shi. Aka ce ya dawo bayan hutu ya sake jarrabawar, in ya kuma faɗuwa ya tattara kayansa. Wani malaminsu ya tausaya masa, ya zauna ya ɗauki bayanin darussan a kaset dalla-dalla, ya ba shi ya taho da shi gida. Rikoda kuwa duk unguwarmu Kawu kaɗai ke da ita, sabuwa fil daga kasuwar Rogo.

Lurwanu duk ya rame. Ya kunna, ya tsayar, ya mayar baya, ya miƙe ya zaga tsakar gida, ya dawo ya sake kunnawa. Kawu na ta kai-kawo a bayansa. Ba ya jin Turanci, amma haƙurin mai maganar ya shige shi.

"Lurwanu, bawan Allahn nan tun safe yake fama da kai. Ka aika masa gaisuwa kuwa?"

"Kawu, in na koma zan gode masa."

"In ka koma? Haba!"

Ranar da Lurwanu ya tafi gona cirar gyaɗa, Kawu ya ɗauko rikoda ya danna jan maɓallin da mai shago ya nuna masa. A tunaninsa kaset kamar buhu ne, a zuba sabo a kan na ciki, ba abin da zai ɓata. Ya gai da Malam, ya gai da iyalinsa, ya yi masa addu'a. Bai tsaya nan ba. Ya ruga ya kirawo liman, ya kirawo maƙwabcinmu Sulle, har da Goggo Talatu, kowa ya sa albarka. Da gefe ɗaya ya cika, ya juya ɗayan.

Da la'asar Lurwanu ya dawo ya kunna. "Salamu alaikum, Malam, ina gajiya?" Ya tura gaba, muryar liman. Ya juya kaset, Goggo Talatu. Ko kalma ɗaya ta lissafi ba ta rage ba, ga shi ko rabin darussan bai kai ba.

Raina ya ɓaci, na miƙe na ce wallahi sai na faɗa wa Kawu ɓarnar da ya yi. Lurwanu ya riƙe mini hannu.

"Laure, kul! Mutumin da ya ciyar da mu? Kunyar nan kashe shi za ta yi."

Ya koma Zariya, ya faɗi. Ya dawo ya kama koyarwa a firamare a Rogo, can ya yi aikinsa har ya gama. Ni kam na daɗe ina jin haushi, har yau bai gama wucewa ba. Kawu ya yi kuka da faɗuwar fiye da kowa, ya ce haka Allah ya so, bai taɓa sanin komai ba.

A ciwonsa na ajali, muna zaune gefensa, ya kalli Lurwanu.

"Wai Malamin nan naka, gaisuwata ta isa gare shi kuwa?"

Lurwanu ya gyara masa mayafi.

"Ta isa, Kawu. Ya ce yana amsawa."